Shaidar Gidanmu a Jikin Taya

Hanyar da na bi kafin in iso Faransa ba zan faɗe ta ba. Wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba zai ce ƙari nake yi. Sunana Illa, mutumin Adar, daga wani ƙauye gabas da Tawa. Ban yi lakwal ba, ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma faɗa nake, wani yana rubutawa. A gida na bar mahaifiyata, Inna, da yayana Abdu, da jakuna biyu da suka rage mana daga dukiyar ubanmu.

Porte de la Chapelle

Nan na fara sauka a Paris. Hanya ce bisa hanya, gada bisa gada, motoci suna gudu a samanka ba tsayawa. Mu muna ƙasa cikin tantuna, mu da ɓeraye. Hayaƙin motocin ba ya tashi, gada ta tare shi, sai ya dawo ya zauna tare da mu. Da safe in ka fyace hanci, baƙi ne ke fitowa.

Mutum na farko da ya yi mini Hausa shi ne ya fara cutata. Dattijo ne da gemu da carbi, harshensa na Damagaram, ya ce sunansa Malam Isufu. Ya gaishe ni gaisuwar gida. Ya tambayi iyaye, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan bana. Na daɗe ba wanda ya tambaye ni ko na kwana lafiya. Ya ce, "Ɗana, je ka shiga layin shayi. Kawo jakar in riƙe maka, ba a shiga da kaya." Na ba shi, har da rigar sanyin da ke ɗaure a jikinta. Na dawo da kofi biyu, nawa da nasa. Na tsaya da su a hannu har suka huce.

Jakar ba ta ƙona mini rai ba kamar gaisuwar. Salulata ta tsira don a aljihun wando take.

'Yan sanda da sassafe suke zuwa. Su yanka tantuna, su fesa abin da ke sa ido ruwa, su watsa mu kamar kaji. Mu matsa gaba kaɗan, da yamma mu dawo. Su ba su gajiya, mu ba mu da inda za mu.

Akwai wata mota da ke kawo masu raba shayi da duba ciwo. A cikinsu akwai Rahila, 'yar Najeriya, Kirista daga kudancin Kaduna, tana koyon aikin asibiti. Ta gan ni da 'yar shara ina rawar ɗari.

"Kai, bawan Allah, ina jaket ɗinka? Mutuwa ka zo yi?"

"An ɗauke."

"Wa?"

"Wani malam."

"Mai gemu? Mai carbi?" Ta tafa hannu. "Wannan ai ya fi shago yawan jaket!"

Ta shiga mota ta fito da wata jar riga. Ta mata ce, na sani, na sa abina. Har yau ita ce a jikina. Ta ɗora abin sauraro a ƙirjina ta ce in ja numfashi, sai ta ɓata fuska.

"Iskar nan da kuke kwana cikinta guba ce."

"Wa ake kai wa ƙara?"

"A ƙarƙashin gada? Nan ba mai unguwa, ɗan'uwa."

Kowace Juma'a nakan kira Yaya Abdu, shi kuma ya miƙa wa Inna. Inna ba ta san gajarta gaisuwa ba. Mutanen nan a waya "sa ba?" suke cewa, a amsa "sa ba", shi ke nan. Ita kuwa daki-daki take bi: kwana, gajiya, sanyi, baƙunta, aiki, mutanen da nake tare da su, masu ƙasar. Daga ƙarshe ta ce in gaida mai masaukina. In ce zai ji. Ban taɓa gaya mata gada ce masaukina ba. A lokacin har haushi nake ji, don kafin ta gama katin ya kusa ƙarewa.

Wata Juma'a tari ya tsinke mata gaisuwar a kan "ina baƙunta". Abdu ya karɓi salula.

"Tanderu ne," ya ce.

Bayan garinmu ta gabas akwai tanderu inda ake gasa dutse a yi farar ƙasa. Sa'ad da na baro gida da itace da kara ake hura shi, hayaƙinsa fari, bai dami kowa ba. Da itace ya yi wuya, wani baƙo mai suna Ɗan Jimma ya karɓi wurin, ya koma hura shi da tsofaffin tayoyin mota. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta wannan gefen. Abdu ya ce in Inna ta shanya gari, toka-toka yake komawa, faifan da ke rufe tulu kuwa sai ya kwana da baƙin maiƙo.

"Ba ku kai wa Sarki ba?"

"Mun kai. Ya ce takardar tanderu daga birni ta hito. Shi ƙasa anka ba shi, ba a ba shi iska ba."

La Courneuve

Suna guda na taho da shi a kaina: Hamidu, ɗan aminin ubana, wanda aka ce yana zaune a dogayen benayen La Courneuve, a gefen Paris. Mun yi kiwo tare muna yara. Na sha yawo kafin in sami ƙofar. Na'urar hawa ta mutu, da ƙafa na taka har sama. Ya buɗe da sarƙa a jikin ƙofa, ya leƙo da ido ɗaya.

"Wa ya kwatanta maka nan?"

Ba maraba, ba ina hanya. Ƙamshin miyar kuka yana fitowa ta bayan kansa.

"Gida cike yake, Illa. Nan ba Adar ba ce. In masu bene suka ji, ni za a kora."

Ya ga ban motsa ba.

"Je ka Lyon. Akwai Alhaji Sani, mutumin kantonmu ne, Sarkinmu ɗaya. Yana ɗaukar irinku."

Irinku. Ya karɓi salulata ta tsakanin ƙofa, ya sa lambar, ya miƙo, ya rufe.

Ina sauka matarsa ta biyo ni da tuwo a roba. Ta ajiye a kan matakala ta koma da sauri, ko kallona ba ta yi ba. Na ci a tsaye.

Kafin in sami na mota sai da na yi aiki inda ake rushe wani tsohon bene, da takardar wani. Sunansa ake kirana da shi, in manta in ƙi juyowa, a zage ni. Masu takardar gaske ana ba su abin rufe hanci, mu tsumma muke ɗaurawa. Mai takardar shi ke karɓar ladan, ya gutsuro mini abin da ya ga dama. Da na ga ya isa kuɗin mota, na ajiye masa sunansa na tafi.

Rillieux

Filin Alhaji Sani yana bayan garin Lyon, can inda ma'aikatu suke. Katanga ce da tsofaffin tayoyi a ciki, tsibi-tsibi, sun fi ɗaki tsawo. Shi kansa ƙato ne, fari tas da shadda da turare, kamar bai san abin da ke cikin filin ba.

"Ɗan wa kake?"

Na faɗi sunan ubana.

"Mai raƙuma! Allah ya jiƙansa. Ka zo gida, ɗan ƙasata."

Ya ba ni katifa a wani ɗaki a benayen Ville Nouvelle, inda ma'aikatansa suke kwana kamar an jera itace. Ya ba ni takalman aiki. Ya ce in na yi haƙuri zai yi mini takardar aiki, irin wadda ake neman zama da ita. Ran nan na kwana ba mota a kaina. Ba zan ɓoye ba, na yi masa addu'a.

Wanda ya koya mini aikin Mahamat ne, ɗan Chadi, dogo, Hausarsa ta kasuwa. Aikin kuwa cusa taya cikin taya ne. Ka kwantar da babba, ka murɗe ƙarama da ƙarfe, ka tura ta ciki ta buɗe, sannan ka nemo wadda ta fi ta ƙanƙanta ka cusa. Uku su koma ɗaya, kwantena ta ci da yawa, a kai ta teku, a tura ƙasashenmu. In ƙarfen ya kuɓuce, ko yatsa ko haƙori. Mahamat ba shi da haƙoran gaba.

Ta waje kullum mai kyau ce, don ita masu duba kaya ke gani. Ta can ciki matacciya ce, ta suɗe, waya ta fito. Masu gareji murna suke a raba su da irinta. Na tambaya sau ɗaya.

"Alhaji, matattun nan wa zai saya?"

"Masu takalma, masu guga, masu komin dabbobi. A ƙasarmu akwai abin da ake zubarwa?"

Gaskiya ne, da takalmin taya na girma. Ban sake tambaya ba.

Wata rana ya kawo gwangwanin fenti rawaya. Ya ce masu sauke kaya a can suna ɓata lokaci wajen rarrabewa, daga yau a sa wa kowace matacciya alama.

"Ka rubuta harafi guda a jiki, ya isa."

Na tsaya da burushi a hannu. Mahamat ya buɗe giɓinsa yana dariya.

"Alhaji, wannan ko alif bai sani ba."

"To ya yi kowane irin zane, a dai gane."

Hannuna zane ɗaya ya sani. A ƙasarmu kowane gida yana da shaidarsa, wadda ake lalasa wa dabba a cinya da ƙarfe mai zafi. In raƙumi ya ɓata, duk wanda ya gan shi ya san gidan da zai mai da shi. Tamu ƙafar kaza ce da layi a ƙarƙashi, tun kakanmu. Ita na zana. Har daɗi na ji. Raƙuman sun ƙare, amma ga ni ina buga shaidar ubana a kan kaya tsibi-tsibi, ko da ba nawa ba ne.

Sanyi ya wuce, zafi ya zo ya wuce. Ina aika abin da na samu. Gaisuwar Inna kuwa tana ta raguwa. Daga "ina baƙunta" ta dawo "ina gajiya". Daga nan sai "Illa, ka kwana..." sai in ji ƙirjinta yana fito kamar an hura kwalba. Abdu ya kai ta likita a birni, aka ba ta abin fesawa a baki, aka ce maganin gaske shi ne ta bar hayaƙin. Ta ce a ɗakin nan ta haife mu, ba inda za ta.

Sai wata Juma'a na ji muryar Abdu da ƙarfi.

"Magana ta sake, Illa. Gwamnati ta sakar ma sarakunan kanto da majalisar komin, wato ƙaramar hukuma, zancen abin da ake ƙonawa bisa ƙasarsu. Yanzu Sarki na da iko da iska."

Ban san yadda aka yi ba, ban san abin da takardarsu ta ce ba. Abin da na gane, Sarki ya sa ranar zama a kan tanderu, Abdu ne zai yi magana da bakin gidajen gabas.

Bayan kwanaki shi ya kira ni, abin da ba ya yi. Bai gaishe ni ba.

"Illa, kai ne ke aiko muna da wuta?"

"Wace wuta?"

"Duba hoton da na turo ma."

Na duba. Taya ce a kwance a ƙofar masallacinmu, mutane sun kewaye ta. A jikinta ƙafar kaza, rawaya, da layi a ƙarƙashi. Layin ya ɗan karkata hagu, yadda hannuna ke yi.

Ashe Ɗan Jimma ƙanin matar Alhaji ne. Masu kyau kasuwa ake kai su, matattu kuwa kamiyo, babbar motar kaya, ke juye su a bakin tanderunmu. Da ya ji za a zauna, sai ya garo guda har tsakiyar gari bayan sallar azahar, ya ce, "Ku duba, shaidar wa ke nan? Gidan da ya fi kowa kuka, ɗansu ke aikowa, da ita suke cin tuwo. Rabo ne bai ishe su ba." Maƙwabtanmu da suka binne jinjiri a damina suka daina amsa wa Abdu sallama. Sarki ya ce in mai ƙara yana da hannu a cinikin, to rigimar rabo ce, ba zancen iska ba, ba zai kashe wutar wani a kanta ba. Sai in mai zanen ya buɗe baki. Abdu ya ce ranar zaman zai kira ni, in yi magana ta salula.

"Inna ta ji?"

"Har ɗaki anka kai mata. Ta ce ɗanta ba ya aiko mata da hayaƙi, ta juya fuska ga bango."

Ban je wurin Alhaji ba, shi ya kira ni ofis. Ɗakin da ɗumi. Ya sa aka ba ni kofi, abin da bai taɓa yi ba.

"Illa, na ji ana son a ja ka cikin zancen ƙauye."

Na dubi kofin.

"Ranar zaman, salularka ta lalace. Shi ke nan. Ba ka yi ƙarya ba."

"Alhaji, uwata ba ta iya gama gaisuwa."

"Tsufa ne. Tawa uwar ma tana tari." Ya gyara zama. "Ka san samarin da ke ci a tanderun nan? Kai kuma nan, wa ya ba ka katifa? Hamidu?" Ya yi murmushi. "Takardarka tana hannun lauya. Wanda ba shi da takarda kuwa, in ya cika surutu a ƙasar nan, jirgi ake sa shi."

Na ajiye kofin ban sha ba.

A fili Mahamat bai ɗago daga tayar da yake murɗewa ba. Ya ce, "Kashe salula, ɗan Nijar. Sarki na can, sanyi na nan."

Ranar zaman ranar kasuwarmu ce. Da hantsi ana yayyafi, na ji salula tana motsi a cinyata. Na ce wa Mahamat zan zaga. Na wuce bayan kwantena ta ƙarshe. Niyyata in yi magana ƙasa-ƙasa, a taƙaice, in dawo bakin aiki kamar ba a yi ba. In an tambaye ni daga baya, in ce ban sani ba. Haka na tsara.

Abdu ya ce, "Ga ka gaban Sarki." Ya ajiye salula a kan tabarma ya buɗe murya. Na ji gyaran muryar dattawa, na ji kukan akuya daga kasuwa, na ji sarkin fada yana cewa a yi shiru. Sannan na ji muryar Sarki kansa, a hankali, yadda yake yi.

Ban yi shawara da kaina ba. Na tuɓe takalma, na cire safa, na durƙusa cikin taɓo mai sanyi, na dunƙule hannu na ɗaga sama.

"Allah ya ja zamaninka."

Haka ake yi. Ba a yi wa Sarki magana a tsaye da takalmi, jikina kuma bai san wata hanya ba.

Da Bature ne ya hango ni, sai ya ce ƙusa na taka. Amma tagar ofishin Alhaji tana kallon wannan gefen, shi kuwa ɗan ƙasarmu ne. Ya ga mutum ba takalmi, a durƙushe, yana jinjina, ya san gaban wa nake.

Sarki yana faɗa, sarkin fada yana maimaitawa da ƙarfi.

"Zaki ya ce, shaidar da ke jikin tayar nan ta gidanku ce?"

"Tamu ce."

"Wa ya zana?"

"Ni."

Fada ta ɗauki gunaguni. Na ji inuwa a kaina. Takalman Alhaji, baƙaƙe masu sheƙi, suka tsaya a gaban gwiwata. Ban ɗaga kai ba.

"Zaki ya ce, da sanin gidanku?"

"Ba su sani ba. Ni an ce mini takalma ake yi da su. An ce in sa wa matattu alama, ban iya rubutu ba, na yi wadda na iya. Duk mai shaidar nan matacciya ce. A ƙasar nan ba a yarda a ƙona ko guda a bayan gari ba, wanda ya ƙona hukuma ta kama shi. Shi ya sa ake ɓoye su cikin masu kyau a turo muku."

Alhaji ya daka mini tsawa da Faransanci, ya ce in kashe. Sai Sarki ya yi magana da bakinsa, bai bi ta sarkin fada ba.

"Wannan murya ba ta Sani ba ce, ɗan Mai Goro?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Da takalmi yake?"

Na dubi ƙasa.

"Da takalmi."

Wani dattijo ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Sarki ya jira suka gama.

"Ka ce mishi ƙasar da yake tsaye ba tawa ba ce, ya tsaya yadda ya so. Amma iskar nan tawa ce yanzu. Wato abin da masu shi sunka ƙi shaƙa, shi muke shaƙa."

Layin ya yanke.

Na miƙa hannu zan ɗauki takalma. Alhaji ya taka su.

"Ni na saye su."

Bai ƙara ko kalma ba. Na miƙe na bi tsakanin tayoyin ba takalmi, ma'aikata suna kallo, kowa ya sami abin yi da hannunsa. A bakin ƙofa Mahamat ya cim mini. Ya wurgo silifas ɗin da yake alwala da su, ya cusa mini abin shiga mota a tafin hannu.

"Jaki," ya ce. "Jakin Adar."

Ya juya ya koma. Da na isa Ville Nouvelle na sami kayana a gindin bene cikin leda, jar rigar a sama, ruwa yana dukanta.

Porte de la Chapelle kuma

Gadar tana nan yadda na bar ta, hayaƙinta ma. Mutanen ne suka sake. Malam Isufu kaɗai bai sake ba. Na same shi ya tare wani sabon zuwa yana tambayarsa ruwan bana. Na tsaya a gefensu na ce wa baƙon, "Riƙe jakarka da kyau." Malam ya dube ni, ya dubi rigata, ya tsine mini da Larabci ya wuce.

Rahila ta hango ni daga mota.

"Jar riga! Ka dawo? Ni na ɗauka ka zama Alhaji a Lyon."

"An kore ni."

"Me ka yi?"

"Na tuɓe takalmi."

Ta dube ni kamar mahaukaci, ta zuba mini shayi.

Hukuncin daga bakin Abdu na ji shi. Sarki ya zauna da majalisa, suka ce ba a ƙara ƙona taya a ƙasar kantonmu. Wanda ke son gasa dutse ya nemi abin hurawa da ba ya kashe mutane. Dogarai suka je suka cika bakin tanderun da rairayi. Ɗan Jimma ya loda tayoyinsa ya kai wani kanto can gaba, inda sarkinsu bai farka ba tukuna. Wata uwar ce ke shaƙa yanzu, ban san sunanta ba.

Kada wani ya ɗauka an yi mini kirari. Samarin da suka rasa aiki zagina suke yi a kasuwa. Alhaji ya gaya wa duk mutanen ƙasarmu da ke nan cewa ni maci amana ne, ƙofofin da dama a rufe suke, yanzu an ƙara musu sakata. Abdu kansa, da ya gama ba ni labari, cewa ya yi hatsi ya yi ƙasa a rumbu, yaushe zan sake aikowa. Na ce in Allah ya so.

Na ɗan jima ban kira ba, don ba ni da abin faɗa. Ran wata Juma'a na sa kati. Ina tsaye a gindin ginshiƙin gada, na toshe kunne ɗaya da yatsa saboda ƙarar motoci. Abdu ya ce, "Ga ta."

"Illa, ka kwana lahiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Ina baƙunta?"

Na riƙe numfashi ina jira.

"Ina aiki? Ina mutanen da kake tare da su? Ina masu ƙasar? Ba su dai matsa maka, ko?"

Ta bi ta duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta ƙara da labarin jakarmu da ta haihu, da faifan tulu da ya kwana fari. Katin yana ƙonewa, ban katse ta ba. Wata babbar mota ta tsaya a gabana tana zuba mini hayaƙi, tari ya sarƙe ni, na kasa danne shi.

"Mi ya samu ƙirjinka?"

"Sanyi ne, Inna."

"Ka riƙa rufe jiki. Ka gaida mai masaukinka, ka ce na gode da riƙon da yake maka."

Na ɗaga kai na dubi cikin gadar, baƙi ƙirin, motoci suna gudu a samanta.

"Zai ji," na ce.